Sau Ɗaya Kakana Ya Yi Magana a Majalisa

Ban taɓa jin mahaifina ya ambaci sunan mahaifinsa ba. Malam yake ce masa. Ni kuma da aka raɗa mini sunan kakan nawa, sai na zama Mai sunan Malam, a gida da masallaci, har abokan Baba na unguwar Tremont da ke Bronx a New York ba su san ni da wani suna ba.

Abin da na sani game da Malam kaɗan ne, kuma duk daga bakin Baba na ji. Malamin makarantar elemantare ne a wani ƙaramin gari a bakin kogi, a arewacin Najeriya. Da Turawa suka fara barin mutane su zaɓi wakilai, sai aka yi majalisa biyu, ta sama ta sarakuna, ta ƙasa ta wakilan jama'a. Zaɓen farko, aƙalla a garinsu, ba na jefa ƙuri'a a akwati ba ne. Maza ne suke taruwa a filin kasuwa, kowa ya je ya tsaya a bayan wanda yake so, a ƙirga kawuna. Wanda ya ci ya wuce gunduma, daga can ya wuce lardi. Malam ya haye duk matakan ya shiga majalisar ƙasa. Baba yana ɗan shekara shida ko bakwai a lokacin, kuma abin da ya riƙe shi ne layin da ke bayan Malam ya miƙe har rumfunan mahauta. Malam bai cika wa'adinsa ba, zazzaɓi ya ɗauke shi.

Akwai abu ɗaya kuma. A duk zamansa a majalisa sau ɗaya tak Malam ya tashi ya yi magana. Da ya dawo gida, aka kwana uku mutane suna zuwa gaishe shi a kan maganar, mata kuwa suna kuka a cikin gida. Ba wanda ya tsaya ya gaya wa Baba abin da aka ce. Da ya girma ya isa tambaya, waɗanda suka sani sun tafi, ko kuma shi ya bar garin, ban tabbatar da wanne ya riga ba.

Baba ya zo New York tun kafin a haife ni. Ya yi tuƙin tasi har idonsa ya fara gazawa. Mahaifiyata ta rasu ina jami'a, aka bar mu mu biyu, shi a hawa na huɗu a Tremont, ni a wani ɗaki a unguwar Jamaica, can wani gefen birnin, kusa da ofishin da nake cike takardun kayan da ake fitarwa ta filin jirgi. Tarihi na karanta, har digiri na biyu. Ba shi nake ci da shi ba, amma ya bar mini hali. Ranar da na kare kundina, wata farfesa ta nuna mini a gaban kowa cewa na haɗa mutum biyu masu suna ɗaya na mai da su mutum guda, na ba wa ɗaya aikin ɗaya. Ba ta ɗaga murya ba. Ta dai tambaye ni ina shaidata, na buɗe takardu ina ta juyawa, ban samu ba. An ba ni digirin bayan na gyara, amma tun ranar ban cika iya faɗin abu kai tsaye ba. Ko hanya aka tambaye ni sai na ce ina jin nan ce.

Ciwon ƙoda ya kama Baba, ana kai shi wankin ƙoda sau uku a mako. Likita ya gaya mini a farfajiyar asibiti cewa zuciyar ma ta yi rauni, kada mu yi dogon shiri. Kowace Lahadi bayan azahar nakan hau jirgin ƙasa in je wurinsa. Kusan kullum ina tarar da amininsa, wani Alhaji ɗan Nijar mai shagon turare da huluna, zaune a kujerar da ke bakin taga, ya zo da shayinsa a filas don ya ce na gidanmu ruwan zafi ne kawai.

A wata irin wannan Lahadi Baba ya ce, “Mai sunan Malam, wai da gaske ne Turawa suna rubuta duk abin da aka faɗa a majalisa?”

“Galibi suna rubutawa, Baba. Ban dai sani ba ko duka ne ya tsira.”

“To nemo mini abin da Malam ya ce. Ina so in ji kafin in je in same shi.”

Alhaji ya ajiye kofi ya tafa hannu. “Bon, yau digiri ya samu aiki. Shekara nawa kana karatun matattun wasu? Ga naka nan, je ka tono.”

Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Na ce zan duba. Ban ce zan samo ba, na tuna na kula da wannan sosai.

A wani babban ɗakin karatu a Manhattan na sami rahotannin zaman majalisar. Ba littattafan ba ne, hotonsu ne a kan siririn fim da ake naɗewa a faifai, a saka a na'ura, ana murɗawa shafuka suna wucewa a kan gilashi. Asabar kaɗai nake da ita. Nakan isa ana buɗe ƙofa, in zauna har idona ya fara ruwa.

Ban yi zaton zan so mutanen nan ba, amma na so su. Yawancinsu malaman makaranta ne, da malaman asibiti, da magatakardan hakimai, da 'yan kasuwa ɗai-ɗai. Bature ne yake shugabantar zaman, kuma manyan jami'an gwamnati suna zaune a cikin zauren tare da su. Wakili zai tashi ya tambayi me ya sa rijiyar da aka fara haƙawa a garinsu aka bar ta rabi. Wani ya kawo kukan manoman gyaɗa. Wani ya ce rufin aji yana yoyo a kan yara. Sau da yawa amsar layi ɗaya ce, za a duba. Wani lokaci a ce wa mutum ya saɓa ƙa'idar zaure ya zauna, ya zauna, washegari ya sake tashi da maganar nan dai ta wata ƙofa. Na lura akwai waɗanda sunansu yake a jerin wakilai amma ban taɓa cin karo da muryarsu ba. Na riƙa tunaninsu: mutum ya yi tafiyar kwana biyu ko uku a bayan babbar mota, ya sa rigarsa mafi kyau, ya zauna a zauren da ba a gina don shi ba, ya koma gida a tambaye shi me ya faɗa.

Da yawansu da Hausa suke magana. Tafinta ya mayar Turanci, akawu ya rubuta Turancin. Hausar ba ta nan, aƙalla a kwafin da na gani. Wannan shi ne abu na farko da ya dame ni.

Na biyu ya fi muni. A jerin wakilan lardinmu akwai mutum biyu masu suna ɗaya, sunana. A zamanin, yaro in ya shiga makarantar midil akan liƙa masa sunan gari a bayan nasa, kuma su biyun duk sunan babban garin lardi aka liƙa musu. A shafin farko na kowace shekara an bambanta su da mazaɓa, ɗaya garinmu, ɗaya wata gunduma can sama da mu. A cikin muhawara kuwa akawu sunan kawai yake rubutawa. Da na gane haka sai da na tashi na je banɗaki na wanke fuska. Irin kuskuren da na taɓa yi ne yake jirana, amma wannan karon da mahaifina a ciki.

Sunan ya fito sau da yawa, don ɗayan mutumin da alama mai son magana ne. Na kwafe duk wuraren, na jera su, na fara tacewa. Waɗanda suka ambaci garuruwan gundumar sama na cire su. Waɗanda suka yi kama da ci gaban wata tsohuwar muhawara na cire su, tunda Malam sau ɗaya ya yi magana. Aka bar ni da uku. Ɗaya a kan albashin malamai, ɗaya a kan hanyar mota, ɗaya a kan kogi.

Na kogin bai wuce rabin shafi ba. Mai maganar ya ce duk damina kwalekwalen da ke kai mutane kasuwa a ƙetare yana kifewa. Ya ce gwamnati tana aiko ma'aikata kowace shekara su ƙirga shanu ɗaya bayan ɗaya saboda jangali, amma bai taɓa ganin an aiko kowa ya ƙirga waɗanda ruwa ya ci ba. Ya ce bai roƙi gada ba, don ya san ba za a ba shi ba, jirgin fito babba mai igiya kawai yake roƙo. Daga nan shugaban zaman ya katse shi, ya umarce shi ya ɗauke abin da ya ajiye a kan tebur. Akawu bai rubuta ko mene ne ba. Mai maganar ya ƙara jimla biyu ya zauna. Wani jami'i ya ce za a duba.

Na karanta ya fi sau goma a zaune a wurin. Jikina ya ba ni cewa shi ne. Amma na duba taswira, kogin nan dai shi ya ratsa gundumar sama, su ma suna da mashigi da kasuwa a ƙetare. Mai maganar bai ambaci sunan gari ba. Abin da jikina ya ba ni ba shaida ba ne, haka na gaya wa kaina, kuma har yanzu ba zan ce ƙarya na yi ba.

Na rubuta wa gidan adana takardun tarihi a Najeriya ina tambaya ko suna da rajistar halartar zama ta ranar, ko kwafin Hausa. Na rubuta wa wani malamin jami'a da na ji ya yi aiki a kan majalisar. Na zauna jira. Kowace Lahadi Baba yakan bari in gama gaishe shi, in zuba masa ruwa daidai awon da likita ya yarda, sannan ya ce, “Ya labarin Malam?”

“Ana kan dubawa, Baba.”

“To madalla. Allah ya taimaka.”

Bai taɓa matsa mini ba. Ina jin mako shida ko bakwai muka yi a haka.

Akwai wata baiwar Allah 'yar Gana, daga zangon Kumasi, da take zuwa kula da shi da rana. Anti muke ce mata. Wata Lahadi ta biyo ni kicin ina wanke kofuna, ta ja ƙofa.

“Ɗan'uwa, wannan takarda da kake nema, ka samu ko ba ka samu ba?”

“Na sami wani abu, Anti, amma ban gama tantancewa ba.”

“Tantance me? Tsohon nan ya gaji paa. Jiya abinci cokali uku ya ci. Daga Laraba yake fara tambayata yau wace rana, saboda Lahadi. Ni ban yi sukul mai yawa ba, amma na wanke tsofaffi da yawa a garin nan, na san in mutum ya fara haɗa kaya. Kawo masa abin da ke hannunka.”

Maganarta ta shige ni. A makon nan na zauna na mai da jawabin kogin Hausa. Sau uku ina sake shi. Ina so ya yi kama da bakin malamin makaranta na wancan zamani, ba bakin wanda ya tashi a Bronx ba, sai na riƙa tuno yadda Baba yake jera magana in yana ba da labari, ina bi. Na buga shi da manyan baƙaƙe, na sa a jaka.

Na kuma yi shiri, kuma shirin ne nake jin ya kashe ni. An koya mana cewa in za ka tambayi tsoho tarihi, kada ka sa masa amsa a baki. In ka ce masa a kan kogi ne, zai ce e, kogi ne, don yana so ya zama haka. Saboda haka na ƙudura ba zan faɗi abin da jawabin ya ƙunsa ba sai na fara yi masa bayanin matsalar, in yi masa 'yan tambayoyi, in ga ko wani abu zai fito daga gare shi da kansa. A lokacin na ɗauka adalci nake yi masa.

Ranar Lahadi na tarar an ɗaga masa kai da matasai biyu. Alhaji yana bakin taga. Na gaishe su, na fito da takardar, na ce, “Baba, na sami wani abu.”

Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya yunƙura ya gyara zama da kansa, ya ce wa Anti ta miƙo masa hularsa. Ya sa ta, ya daidaita ta da hannu biyu, kamar wanda za a shigo wa da babban baƙo.

“Bismilla,” ya ce.

“Kafin in karanta, Baba, akwai abubuwan da ya kamata ka sani.”

Na fara. Na gaya masa Hausar Malam ba ta tsira ba, abin da ke hannuna Turancin tafinta ne da na sake mayarwa Hausa, don haka kalmomin ba lalle su zama nasa ba. Ya gyaɗa kai, wannan bai dame shi ba. Sai na gaya masa zancen mutum biyu masu suna ɗaya. Na yi bayanin shafin farko da na muhawara, da yadda na tace, da ukun da suka rage, da wasiƙun da na aika ba a amsa ba. Ina jin na yi minti goma ina magana. Ina kallon takarda, ban kalli fuskarsa ba sai da Alhaji ya katse ni.

“Kai, wannan duk gaisuwa ce? Karanta mana, don Allah. Ni shayina ya huce.”

Baba ya ɗaga masa hannu. Ya dube ni.

“Wato mai yiwuwa ne maganar ta wancan mutumin ce.”

“Mai yiwuwa ne, Baba. Amma akwai alamun da…”

“Kai a ranka, ta Malam ce?”

Wannan tambayar nake ji har yau in ina tsaye a jirgi. Amsar tana bakina. Abin da na ce shi ne, “Ina kyautata zaton haka, amma ba zan iya cewa tabbas ba.”

Sannan ya ce, “To ajiye ta.”

Alhaji ya miƙe tsaye. “Haba, mutumina! Yaro ya sha wahala, ka bari ya karanta. In ta Malam ce ka ji, in ba tasa ba ce me ka rasa? Ai duk wakilai ne, duk Musulmi ne.”

“Alhaji, ba ka gane ba. In na ji ta, zan riƙe ta. Ba ni da wata. Zan kwanta da ita in tashi da ita a matsayin muryar Malam. In ta uban wani ce fa? In tafi da maganar uban wani a ƙirjina, in bar ta nawa?” Ya juyo gare ni, muryarsa a sanyaye, ba faɗa. “Kuma ba a sa wa mamaci magana a baki. Ka yi daidai da ka gaya mini. Je ka tabbatar, sannan ka zo ka karanta mini. Ina nan.”

Ya cire hular ya miƙa wa Anti.

Da na ce masa a kan kogi ne, kalma ɗaya, ban san abin da zai faru ba a lokacin. Na yi tunanin faɗa. Na tuna ƙa'idar kada a sa wa mai ba da shaida amsa a baki, na haɗiye. Tambayoyin da na shirya ma ban yi su ba, don ya rufe ido, Anti kuma ta yi mini alama in ƙyale shi. A kan matattakala Alhaji ya kama hannuna ya ce, “Ɗana, wallahi boko ya cuce ka,” ya sake ni ya sauka yana riƙe da filas ɗinsa. Ba da wasa ya faɗa ba wannan karon.

Na sake rubuta wa gidan adana takardun. Na kira lambar da ke shafinsu, ba a ɗauka ba. Na koma ɗakin karatu na bi faifan shekarar daga farko, ko akwai inda aka ce ɗayansu ya nemi izinin rashin zuwa. Ban samu ba. Lahadi biyu suka wuce. A ta farko Baba ya tambaya, na ce ana kan dubawa. A ta biyu bai tambaya ba, barci ya yi ta yi, na zauna kusa da shi da takardar a cikin jaka a kan cinyata har la'asar.

Ranar Alhamis da safe ina ofis aka kira ni daga wurin wankin ƙoda. Zuciyarsa ta tsaya yana kan na'ura. Aka yi masa salla a masallacinmu na Tremont bayan Juma'a, muka kai shi maƙabarta a New Jersey. Alhaji ne ya shiga kabarin tare da ni.

Ranar sadakar uku da rana, mutane sun ragu, wayata ta yi ƙara, kira daga gida Najeriya. Gwaggo ce, yayar Baba, wadda ta girme shi da shekara biyar ko shida kuma ba ta taɓa barin garinsu ba. Sau biyu kawai na taɓa ganinta. Ba ta yi boko ba, kuma in faɗi gaskiya, a duk watannin nan ko sau ɗaya ba ta faɗo mini a rai ba. Ina jin Baba ma bai taɓa tambayarta ba. Me yarinya 'yar shekara goma sha biyu za ta sani na majalisa?

Na shiga ɗakin Baba na rufe ƙofa. Ta yi mini ta'aziyya, na yi mata. Ta tambayi yadda ya cika, da wanda ya yi masa wanka, da ko ya bar wasiyya. Na ce bai bar komai ba sai wani aiki da ya sa ni ban gama ba, na neman maganar da Malam ya yi a majalisa.

“Wace magana? Ta filafili?”

Na ce, “Wane filafili, Gwaggo?”

“Filafilin kwalekwalen da ya kife da Inna mana. Au, bai gaya maka ba? To, ba zai faɗa ba. Shi ko sunan kogin ba ya son ji.”

Na zauna a bakin gadon. Na san kakata ta rasu Baba yana ƙarami. Ban taɓa tambayar yadda ta rasu ba, shi kuma bai taɓa faɗa ba.

Gwaggo ta ci gaba, a hankali, kamar mai ba da labarin jiya. Ranar kasuwa ce da damina, Inna da wasu mata za su ƙetare da daddawa. Ruwa ya juya kwalekwalen a tsakiya. Ba a ga gawarta ba, sai karyayyen filafili da masunta suka tsinto a ƙasa da gari suka kawo wa Malam. Ya ajiye shi a ɗakinsa bai ce komai ba. Shekara ta zagayo aka zaɓe shi. Ya je zama ɗaya ya dawo, ya je na biyu ya dawo, mutane har sun fara cewa sun aika bebe. Ana gobe zai tafi na uku ya kira ta ya ce ta naɗe masa filafilin a cikin tabarma.

“Ni na naɗe shi da hannuna, na ɗaure da igiyar rama. Direban da ya kai su shi ya dawo yana ba da labari, wai Malam ya ɗora shi a kan teburin Bature, Bature ya ce ya ɗauke. Mu dai abin da muka ji ke nan. Mata suka cika gidanmu suna kuka, kowacce da wanda ruwa ya ci mata.”

Ta ce, “Kana ji na?” Na ce ina ji. Na ce mata takardar tana hannuna, an rubuta maganar, har da inda aka ce ya ɗauke abin da ke kan tebur.

“Allahu akbar. Ashe sun rubuta.” Sai ta tambaya, “Shi mahaifinka ya ji?”

“A'a, Gwaggo. Bai ji ba.”

Na ji tana jan numfashi. Ta yi masa addu'a, ta yi wa Malam, ta yi wa Inna. Sannan ta ce, “To karanta mini. Ɗaga murya, kunnena ba kamar da ba.”

Na ciro takardar daga jaka na karanta mata, a zaune a kan gadon da aka riga aka cire wa zanin gado. Ban yi wani bayani ba kafin in fara. Da na zo wurin ƙirga shanu ta ce, “Shi ne. Haka yake magana, ba ya zagaye.” Ban gaya mata cewa jerin kalmomin nawa ne ba, kuma daga bakin ƙaninta na aro su. Da na gama ta ce, “Shi ke nan? Ashe gajeruwa ce.” Na ce rabin shafi ce. Ta ce jirgin fiton bai zo ba sai bayan ta yi aure ta haifi na biyu, Malam bai gan shi ba.

Daga nan ta ce, “Allah sarki, ɗan'uwana. Da ka samo ta da wuri da ya ji. Amma kada ka sa wa ranka, haka Allah ya tsara, ka yi iyakar ƙoƙarinka.”

Na ce amin. Ban gaya mata cewa na riƙe takardar nan a gabansa, yana sanye da hula yana jira ba. Mun yi waya sau huɗu ko biyar tun daga lokacin, kullum ina cewa wannan karon zan faɗa mata, kuma har yanzu ban faɗa ba.